Rawanin Malam Shuɗi Ne, Na Naɗi Kuwa Fari

Gwaggo Mubaraka, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi da wuri, kada ki jera wasiƙata bayan ta masu kukan suruka. Ni da nake taƙamar ba a taɓa yi mini wayo a kasuwa ba, yau ga ni na ƙulla abin da na kasa kwancewa.

Ni dillaliya ce. Atamfa, gyale, turaren wuta, gida-gida nake shiga da su, in hanya ta yi lafiya kuma ranar Alhamis ina Shinkafi wajen sari. Na taɓa boko har aji uku na sakandare, shi ya sa kika ga da hannuna na rubuto. Mijina na'ibi ne a masallacin Juma'ar garinmu. Ba zan faɗi garin ba, ki dai ce tsakanin Kaura da Zurmi. Na'ibai suna da yawa a hanyar, kowa ya yi ta zargin maƙwabcinsa.

Malam dai karatu akwai shi, gado ya yi tun daga kakansa. In yana zaure da ɗalibai, magana zuba take kamar an buɗe famfo. Amma a ajiye mishi lasifika a gaba, jama'a su zuba mishi ido, sai murya ta maƙale a wuya. Shekara da shekaru wannan bai dame mu ba, don Liman Usmanu mutum ne mai ƙarfi, ko mura ba ta hana shi hawa mumbari. Sai bara hawan jini ya kayar da shi, 'ya'yansa suka tafi da shi Gusau, huɗuba ta faɗo kan Malam.

Juma'ar farko, Gwaggo, ba na son tunawa. Hamdala ta fito lafiya, daga nan murya ta koma ta ɗan tsako. Na sahun baya sun ɗauka janareto ne ya mutu, har ladan ya tashi dubawa. Malam ya dawo ko tuwo bai kalla ba. Ni kuma duk gidan da na shiga da kaya sai an yi mini jaje, irin jajen nan da gara a zage ka. An yi zuma, an yi citta da kanumfari, shi da kansa ya yi rubutu ya sha. Shiru.

To akwai abokiyar sana'ata a Kaura, Hajiya Zulaihat, wadda ta raka mijinta Indiya aikin gwiwa. Ta dawo da wani hoto da mai yi wa mijin tausa ta ba ta. Mutum ne zaune ya tanƙwashe ƙafa, an jera mishi da'ira bakwai masu launi tun daga ƙashin gindi har tsakar ka, kamar maɓallan riga. Ta ce sunansu cakara. Wai cibiyoyi ne da ƙarfin jiki ke zagayawa ta cikinsu, ba a ganinsu da ido, in ɗaya ta toshe sai abin da take riƙe da shi ya lalace. Ta ƙasa ja ce, ita ke riƙe da tsoro. Ta ƙirji koriya, ta ƙauna. Sauran ban haddace ba, don ina jin ta maƙogwaro shuɗiya ce kuma ita ke da magana, na daina sauraren komai. Maganin toshewarta, in ji Hajiya, a riƙa jan numfashi a hankali, a sake shi da ƙarar “mmm” baki rufe, kuma a ajiye shuɗin abu kusa da wuya.

Yanzu fa ki duba. Mutumin da ya taɓa kwashe darasi guda yana faɗa a kan masu ɗaura wa jarirai laya, shi zan tunkara in ce cakararsa ta toshe? Sai na bi ta hanyarmu ta kasuwa. Na yanko shuɗin yadi mai laushi a Shinkafi na ce tsaraba ce, ya yi rawani. Kin san naɗin malamai, sai ya zagayo ta ƙarƙashin haɓa, amawali ya kwanta daidai maƙogwaro. Ko an auna sai haka. Numfashin kuwa na ce wata malamar asibiti ce ta koya mini. Da ya ji ƙarar ta yi kama da jan gunna a tajwidi sai ya karɓa da hannu biyu. Kullum da hantsi mu zauna ya yi, sannan in sa shi ya tsaya a tsakar gida ya karanta huɗubar da ƙarfi, ni da awakina mu ne jama'a.

Wallahi Juma'ar da ta biyo, har tasha an ji shi. Wadda ta bi ta ma haka. Masu jaje suka koma tambayar sirri. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan taɓa ciniki a nan: wadda ta ce miji ya daina yi mata fara'a na haɗa ta da koren gyale, mai firgita da ƙarar babur na ba ta ja. Ban ce wa kowa magani ne ba, na dai ɗaga gira.

Inda abin ya juye shi ne, Malam ba yaro ba ne, ya lura. Wata Juma'a da damina rawanin bai bushe ba, ya naɗa fari ya tafi, murya ta yi ta rawa. Ba ta kai ta farko muni ba, amma ta yi. Tun daga ranar ba mai wanke shuɗin nan sai ni, kuma tun Laraba. Na sha ganinsa in zai ɗauka yana istigfari ƙasa-ƙasa, kamar mai satar nama a tukunyar gidansu. Ya san bai dace da shi ba, ya kuma kasa bari.

Ga shi yanzu Liman Usmanu ya aiko cewa ya sauka, dattawa sun tsayar da Malam, hakimi zai naɗa shi Juma'ar sama da hantsi. A al'adarmu farin rawani ake kawowa daga gidan hakimi, mutumin hakimi ne ke naɗawa a gaban kowa, kuma da shi sabon liman ke hawa mumbari, ba a taɓa shi sai an sallame. 'Yan'uwansa na Shinkafi da Gusau duk sun ce suna tafe. Malam ya rame, wandonsa har ya fara zamewa.

Hajiya Zulaihat ta ce abu mai sauƙi ne, in ɗinka ƙyallen shuɗin a cikin wuyan rigar naɗin, in raɗa mishi cewa na sa, shi ke nan. Allura da zare suna nan a gabana. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In na faɗa mishi daga hoton Indiya abin ya fito, ina tsoron ya watsar da rawanin, da numfashin, da maganata gaba ɗaya, ya hau mumbari ba komai a hannu ranar da gari duka ke kallo. In na yi shiru kuma, ni na mayar da malami mai laya. In faɗa ko in ɗinka? Kuma wai cakarar nan gaskiya ce, ko Hajiya ce ta sayar mini da kayan da ba ta buɗe ba?

Taki,
Dillaliya Mai Awaki

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Ajiye allurar tukuna.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. Hajiya ba ta ƙirƙiro komai ba. Cakara tsohuwar koyarwa ce ta mutanen Indiya, ta fito ne daga cikin addinansu da hanyoyinsu na zaman tunani, kalmar kuma tana nufin abu mai juyawa kamar taya. Masu ita ba su ce tsoka ce ko jijiya ba, likita ma in ya buɗe wuya ba zai same ta ba. Jera musu launukan bakan gizo kuwa daga baya aka yi, yawanci aikin Turawa ne da suka ɗauki abin suka yi masa kwalliya. Wato shuɗin da kika yanko, ko a wajen masu abin ba shi ne tushe ba.

To me ya buɗe muryar Malam? Ke da kanki kin rubuta, ba ki dai karanta ba. Mutum mai tsoron taro ya samu wanda ya zaunar da shi kullum yana jan dogon numfashi, yana ɗumama maƙogwaro, yana tsayawa ya karanta huɗubarsa da ƙarfi kafin ranar. Duk mai koyar da magana a gaban jama'a abin da zai sa shi ke nan. Shi ya sa ranar da ya fita da fari muryar ta yi rawa amma ba ta faɗi ba. Rawar ta rashin rawanin da ya saba ce, tsayuwar kuma ta aikin da kuka yi ce.

Ban raina dabarar Hajiya ba. Da a ce gobe ne naɗin, da ni ma na ce ki ja bakinki sai ranar Asabar, don ba a girgiza mutum yana bakin mumbari. Kuma niyyarki mai kyau ce. Kin ga mijinki yana nutsewa kin miƙa masa abin da hannunki ya kai. Ban ga abin jifa a nan ba.

Amma kina da sauran lokaci, kuma ƙyallen nan ba zai tsaya a riga ɗaya ba. Bayan naɗi akwai Idi, akwai ɗaurin aure, akwai jana'izar manya. Za ki ƙare kina bin rigunansa da allura har tsufa, shi kuma yana istigfari a kan abin da bai ma san asalinsa ba. Sannan ki tuna mata nawa ke yawo da koren gyalenki. Ke kin fi ni sanin yadda labari ke tafiya daga gida zuwa gida, tunda ke ce motarsa. Wata rana wani zai tare Malam a zaure ya tambaye shi hukuncin rawanin Indiya. Gara ya ji daga bakinki a ɗaki.

Saboda haka ki faɗa masa, yau ko gobe, kada ki kai ranar Alhamis. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi. Ki faɗi duka, har malamar asibitin da babu ita, ki ba shi haƙuri a kan wannan, kada ki yi masa ciniki. Zai iya yin fushi, yana da haƙƙi. Ki bar shi ya yi. Amma ina zaton bayan fushin sauƙi zai ji, don mutumin da ke zargin kansa da camfi, in aka nuna masa yadin kasuwa ne kawai, an sauke masa kaya ne. Batun ko kin yi zunubi, ni ba mai fatawa ba ce, kuma kina kwana gida ɗaya da wanda ya fi ni. Numfashi dai na Allah ne, ba na wata ƙasa ba, wannan shi ma ya sani.

Daga nan ku koma aiki, amma da farin rawani. Ya naɗa shi kullum da hantsi ya karanta huɗubar naɗin. Awaki sun yi ƙoƙari, yanzu a ƙara musu mutane: ɗalibansa na zaure, gobe maƙwabta, jibi ya shiga masallacin lokacin da ba kowa a kunna masa lasifika ya saba da jin kansa. Ruwan ɗumi da zuma su ci gaba. In murya ta riƙa dushewa ko a gida, ba a gaban taro kaɗai ba, ya je likitan maƙogwaro ya duba shi. Ke kuma gyale ki sayar da shi a gyalensa, ki daina ɗaga gira.

Ba zan yi miki alkawarin muryarsa ba za ta yi rawa ranar ba. Tana iya yi a layin farko. Sabon liman da muryarsa ta girgiza ranar naɗi, jama'a tsoron Allah suke cewa, ba su taɓa sauke wani a kan haka ba. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya ci gaba. Abin da zai hau da shi nasa ne, ba wanda zai iya cire masa shi a wanki.

Addu'ar Annabi Musa ta warware ƙullin harshe ya fi ni saninta, ki tuna masa kawai. Allah ya buɗe masa ƙirji, ya sa ya riƙe jama'arsa da adalci, ke kuma ya ba ki ƙarfin bakin da za ki faɗi gaskiya ba tare da ragi ba. Ina taya ki murna tun yanzu, matar Liman.

Gwaggo Mubaraka