Haƙurin Me Kike Ba Ni, Laure?

Tamanrasset, 9 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga Laure, matata, ruwan randata a tsakar zafi, inuwar gawona, hasken da ke fara taɓa duwatsun garin nan da hantsi.

Yau kwana goma sha tara da kika hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa gidan gwaggonki a In Amguel. Ina zuwa shantiye, wurin ginin da nake aiki, ina jera bulo, ina dawowa ɗakin da har yanzu ƙamshin turarenki bai bar shi ba.

Kin tuna Juma'ar da muka je lambun abokina Idrisa a Outoul? Na miƙa hannu zan tsinko miki ɓaure a saman kanki, sai kika durƙusa, kika kare fuska, kina ba ni haƙuri. Haƙurin me, farin watana? A gindin itacen nan kika faɗa mini cewa kina shekara biyar mahaifiyarki ta rasu. Babanki yakan kulle ki a ɗaki ya tafi kwana biyu, ya dawo ya zane ki don kin jiƙa tabarma, sannan ya ɗora ki a cinya ya ba ki dabino. Kika tashi kin yarda wanda ke son ki shi ke dukan ki, wanda ya ƙyale ki kuwa ya manta da ke.

Na ji, na yi hawaye, amma ban gane ba. Sai ranar da kika saki kofunan shayi da gangan, kika tsaya kina jira. Na durƙusa na tsince kwalaben kada su yanke ki. Kika ce ashe ban damu da ke ba, tunda ko tsawa ban yi ba. Washegari na dawo daga aiki ba ki nan.

Ya kurciyata, yaya zan yi da zuciyar da aka koya wa tsoro tun kafin ta san sunanta? Ki nemi idona, zan ba ki. Amma ba zan doke ki don ki yarda ina son ki ba, ko da rashin hakan ne zai raba mu.

Gwaggo ta aiko mini cewa kina da ciki wata uku. Laure, me za mu koya wa wannan da ke tafe?

Ranar Juma'a zan zo. In kin ƙi fitowa, zan gaishe da Gwaggo, in zauna a ƙofar gida har la'asar, in koma. Wata Juma'ar ma haka, har ki gaji da jiran ranar da zan daina zuwa.

Naki, har a rufe ni da ƙasa,
Zakariya'u