Ruwan da Na Hana Yayanki

Zuwa ga Hajiya Zakiyya, inuwar tsamiya a tsakiyar bazara, sanyin randar da na samu bayan na daina sa rai,

Ina gaishe ki, ina gaida yara da jikoki. Ya zafin Mafara?

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan jarida ina goge kalmomin zuzutawa daga rubutun mutane. Yau ga ni ina neman su in ba ki, kuma duk wadda na ɗauko sai ta yi miki kaɗan. Ke ce raɓar safiya a kan shinkafa kafin rana ta yi ƙarfi. Ke ce ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Ashe zuciya ba ta yin ritaya tare da mai ita!

Na san labari ya iso miki, amma ina so ki ji shi daga wurina. Manoman rani na layinmu sun damƙa mini makullin ƙofar ruwa saboda ba ni da gona a cikinsu. Kowane ɓangare da ranarsa. Ranar Laraba yayanki, Alhaji Ɗayyabu, ya same ni a bakin kanal, babbar hanyar ruwan, ya ce shinkafarsa ta fara fitar da kai, in juya masa ruwa na wuni ɗaya. Ranar kuwa ta mutanen ƙarshen layi ce, su Gidaɗo, waɗanda ruwa ba ya isa gare su sai kowa ya sha. Na roƙe shi ya yi haƙuri zuwa Asabar, ranar ɓangarensa. Ya ce mai neman auren ƙanwar mutum ba ya yi masa haka. Washegari ya aika wa yayana cewa a dakata da maganar ɗaurin aure.

Ban ce Alhaji ya yi ƙarya ba. Gonarsa tana bukatar ruwa, na gani da idona. Ta Gidaɗo ma na gani, ganyenta har ya fara nannaɗewa.

Alhaji ya kuma ce mai shekara sittin da huɗu kamata ya yi ya riƙe carbi ya zauna, ya bar shiga taɓo. Ina sallata, ba na fashi. Amma da na dawo gida na yi shekara biyu ina zaune daga wannan salla zuwa waccan, ban san abin da zan yi da tsakaninsu ba. Ba wa'azi ne ya tashe ni daga tabarmar ba. Na duba ne in ga abin da ya rage mini bayan ofis da suna sun tafi, sai na tarar da abu kaɗan: in na faɗi magana in cika ta, kuma kada in dubi fuskar mutum kafin in ba shi haƙƙinsa. Makullin nan ya ba su wurin aiki.

Kin tuna ranar da kika zo duba gonar marigayi maigidanki a Birnin Tudu? Kika tsaya bakin ruwa riƙe da takalmanki, kika tambaye ni me ɗan jarida yake nema a nan da wando naɗe zuwa gwiwa. Na yi dariya kawai. Tun ranar, ko balbela ce ta sauka a kan kunyar gona sai in juya in nuna miki, in tarar ba kya nan.

Zakiyya, hasken idona, da na juya ruwan nan, da wane baki zan yi miki alkawari? Wanda ya karya ranar Gidaɗo don ya same ki, me zai hana shi karya taki wata rana?

Ba na so ki yi faɗa da yayanki. Amma ke ba yarinya ba ce, maganarki tana da nauyi a gidanku. Ki gaya masa abin da kike so da bakinki.

Ranar Asabar da hantsi zan buɗe wa Alhaji ruwansa cikakke, ko ya amsa gaisuwata ko bai amsa ba. Daga nan zan hau babur zuwa Mafara in tsaya a zaurenku. In kin aiko a ce in zauna, zan zauna. In ba ki aiko ba zan koma bakin kanal, kuma ba zan ƙara tsayawa a zauren wata ba.

Naki a yau, naki kuma iya kwanakin da suka rage mini,
Nasidi