Bokitin Matar Gwamna

Sparkhill, Birmingham
3 ga Satumba, 2024

Zuwa ga 'yata Hafsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da yara da Hajiya. Allah Ya saka miki da ɗawainiyar kakarki.

Albishirinki. Takarda ta zo mini daga gida. Gwamnatin jiharmu ta yanke shawarar sa wa babban asibitin haihuwa sunan Hajiya Sabuwa, don ita ta kafa shi lokacin da mahaifinmu yake gwamna. Tunda GP, likitanta, ya hana ta hawa jirgi, kwamishinan lafiya zai zo Manchester da kansa ranar ashirin da takwas.

Ki duba, Hafsa. Shekara ɗari da ɗaya, ta binne miji da 'ya'ya huɗu, har da mahaifiyarki, ga ta nan da hankalinta. Ki nemo hall na taro a Old Trafford, ki fito mata da leshinta mai ruwan zuma. Da takarda na aiko don kunnenta ba ya jin waya. Ki karanta mata da ƙarfi.

Kawunki,
Ishaq Aminullahi

*

Whalley Range, Manchester
9 ga Satumba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, a gaida Anti Amal. Ka yi haƙuri da Hausata, ta Manchester ce.

Na karanta mata sau biyu. Ta yi dariya har sai da carer, mai kula da ita, ta leƙo daga kitchen. Sannan ta ce, "Ki gaya wa Isiyaku ba na so. In suna neman suna, su sa na Sista Hana."

Na ce wace ce Sista Hana? Ta ce ungozoma ce, 'yar mishan, ta rasu tuntuni. Na ce to leshin fa? Ta ce in ba 'yata Umaima ta yi biki da shi. Ba rikicin tsufa ba ne, Kawu. Jiya ma ita ta kama ni na tsallake aya a Tabaraka.

Ban kama hall ba tukuna. Me zan yi?

'Yarka,
Hafsa

*

Sparkhill
14 ga Satumba

Hafsa,

Bayan sallama. Wasiƙarki ba ta yi mini daɗi ba.

Ke a nan aka haife ki, ba ki ga abin da muka gani ba. Da sojoji suka kifar da gwamnati, a bayan mota suka jefa mahaifinmu ko hula babu, kuma a tsare ya rasu. Mutanen da suka ci tuwon gidanmu suka riƙa sauya hanya in sun hango mu. Ni ina karatu a nan Ingila, na kasa komawa ko jana'iza. Shekara arba'in ina jiran ranar da za a ambaci gidanmu da alheri a bainar jama'a. Yanzu ta zo, sai a miƙa wa wata da ban taɓa jin sunanta ba?

Ki lallashe ta. Ni hawan jini ya kwantar da ni, ba zan samu zuwa ba. Ke ce idona.

Kawunki,
Ishaq

*

Whalley Range
29 ga Satumba

Kawu,

Salam. Yaya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta.

Na lallashe ta kwana uku. A na ukun ta ce in rufe ƙofa, ta ba ni labarin da ta ce kai ma ba ka sani ba.

Gaskiya ne ita ta buɗe ɗakin haihuwar, gado shida, ta yanka ƙyalle aka tafa. Amma da aka yi juyin mulki an kulle shi, an kwashe gadajen. Sista Hana ta mayar da aikin cikin gidanta, ɗaki biyu a bayan kasuwa. Ka tuna wasiƙun da Hajiya ta riƙa aiko maka, wai tana hutawa a gidan wanta? Ba hutawa take ba. Bayan ta fita takaba ta je ta yi sallama a ƙofar Sista, ta ce a ba ta aiki. Sista ta ce, "Ranki ya daɗe, wane aiki zan ba matar gwamna?" Ta ce, "Gwamna ya mutu. Ina bokiti?"

Shekara tara, Kawu. Tana ɗebo ruwa, tana dafawa, tana wanke tsummokara, tana riƙe mata in naƙuda ta yi tsanani. Ta ce Sista ce mai ilimin, ita hannu kawai ta bayar. Daga wannan gidan aka sake gina asibitin da ake magana.

Jiya mutanen gwamnati suka zo flat ɗin Hajiya, su biyar, da mai hoto. Ta karɓe su da zanen gida da cardigan. Kwamishinan, Dakta Nuruddeen, ya durƙusa ya fara jawabi da Turanci. Ta ɗaga hannu.

"Yaro, ɗan wace unguwa ne kai?"

Ya ce Bayan Kasuwa.

"Wa ta haife ka?"

Ya ce Raki, mai sayar da daddawa.

Hajiya ta ƙura masa ido. "Raki mai wushirya? To kai ne ka zo da ƙafa. Ranar Juma'a, ana ruwa. Ka fito ba ka numfashi, Sista ta yi ta hura maka iska a baki har ka tsanyara. Ni na yi maka wanka."

Kawu, mutumin nan ya zauna daɓas a kan carpet. Ya ce mahaifiyarsa ta sha ba shi labarin Sista da wata dattijuwa mai bokiti da ake kira Inna, amma ba ta taɓa sanin ko wace ce ba. Ya cire gilashi yana share ido, mai hoto ya rasa inda zai sa kansa.

Ta ce, "To ka ji. Wa ya cancanci suna?"

Kafin su tafi ya yi waya gida. Za a sa wa asibitin sunan Sista, Hana Manasseh, za a nemo jikokinta su buɗe allon sunan. Ya roƙi Hajiya a sa nata sunan ko a ɗaki ɗaya ne. Ta ce a sa a wurin wanki.

Na san ba haka ka so ba. Amma ni ban taɓa jin kaina ya kai rufi ba sai jiya.

'Yarka,
Hafsa

*

Whalley Range
6 ga Oktoba

Isiyaku,

Ni ce, Hafsa ke rubutawa. Ina gaishe ka da jiki.

Amal ta ce tun da takardar Hafsa ta zo kake kuka, wai ka bar ni ina wanki kana Ingila. Ka daina. Ni na ɓoye maka, don da ka sani da ka bar karatu.

Kana so a wanke sunan ubanka. Ai an wanke. Waɗanda suka san ni ina matar gwamna duk sun mutu, na ƙirga. Waɗanda na yi wa wankan farko kuwa sun cika gari, kuma sunan ubanka nake ɗauke da shi ina yi.

Ka zo ranar Asabar in gan ka. Ka hau jirgin ƙasa, kada ka tuƙa mota. Ka tsufa.

Allah Ya yi maka albarka.

Uwarka,
Sabuwa