Ɗan Fari da Injin Iska

Litinin, 12 ga Agusta

Mun iso Sakkwato, ni da surukata Inna Fadima da yaron. A asibitin garin Isa suka duba shi suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Maigidana Malam yana garinmu Turba, ya ce zai biyo mu. Da mura fa abin ya fara. Yau duk numfashin da ya ja sai haƙarƙarinsa ya lotsa ciki, yana wani gurnani, nono ma ya ƙi kamawa. Watansa huɗu kacal.

Inna ce riƙe da shi tun daga gida. Ni ina gefe da ƙunshin kaya kamar 'yar rakiya. Ɗan fari ne, kuma haka na taso na tarar: gaban manya uwa ba ta ɗaukarsa, ba ta kiran sunansa, nono ma sai an miƙo mata shi cikin ɗaka. Tsoro ya cika mini ciki, ba kuma damar nunawa.

Talata, 13 ga Agusta

Sun ɗora shi a kan wani inji. 'Yar roba ce mai ƙaho biyu a hancinsa, an manne ta da filasta a kumatu, tiyo ya tafi har jikin injin. Ciki akwai ɗan kwano da ruwa ke ɗumama. Kafin a saka masa, nas ɗinmu Sista Naja'atu ta ce in kara hannu a bakin tiyon. Iska ce mai ɗumi da laima, kamar hucin tukunya bayan an sauke tuwo.

Ta ce ƙwayar cuta ce ta kumbura 'yan ƙananan hanyoyin iska na huhunsa, majina ta cushe su. Babu allurar da ke kashe ta. Aikin injin shi ne ya riƙa tura masa iska da ƙarfi, ya ɗauke masa wahalar ja, har jikinsa ya ci ƙarfin ciwon da kansa. A yatsan ƙafarsa kuma an maƙala wata 'yar jar fitila mai nuna lamba. In lambar ta hau, alheri ne. In ta sauka, sai ƙara ta tashi.

Iskar da na sani tana kaɗa gero inda ta ga dama, ga ta yau ana murɗa mata maɓalli tana bi. Subhanallah. Na daɗe ina kallo. Inna ta leƙa kwanon ta ce, "Yanzu iskar ma dahwa ta aka yi?"

Laraba, 14 ga Agusta

Da hantsi ya birkice. Kuka, shure-shure, ya fizge robar, a mayar, ya sake fizgewa. Lamba ta yi ta sauka, ƙara ba ta tsayawa. Inna ta jijjiga, ta yi tofi, ta yi waƙa, ina! Leɓɓansa suka soma canza launi. Sista ta ce in bai natsu iskar ta zauna ba, sai dai a kai shi wancan ɗakin na masu tsananin ciwo.

Sai ta juyo kaina. "Ke ta uwa tai ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Na san ɗan hwari na, ni ma 'yar Gobir ta. Amma injin ga bai san kunya ba. Jikinki yaron ga ka so. Aza shi bisa ƙirjinki."

Ga Inna, ga matan sauran gadajen duk sun zubo ido. Zuciyata na can wurinsa, ni ina nan tsaye kamar turmi. Sai Inna ta miƙe, ba ta ko dube ni ba, ta ajiye mini shi a hannu ta ce, "Za ni in biɗo goro." Ni na ƙulle mata goro a bakin zane da safen nan.

Na zauna na kwantar da shi a ƙirjina, Sista ta gyara robar. Ya yi shessheƙa kaɗan, ya damƙe wuyan rigata, ya lafa. Ina jin iskar na shiga masa, ina jin bayansa na tashi yana sauka a tafin hannuna, a hankali, a hankali. Lambar ta soma hawa ina kallonta da idona. Na yi kuka har na jiƙa masa gashi.

Alhamis, 15 ga Agusta

Inna ta sake tafiya biɗar goro. Wuni ta yi.

Asabar, 17 ga Agusta

Suna rage ƙarfin iskar kaɗan-kaɗan, shi kuma yana riƙe numfashinsa. Ya kama nono, da robar a hanci da komai. Ashe yana da wani ɗan tabo bayan kunne, sai yau na gani.

Malam ya zo. Da ya hango ni rungume da yaron sai ya ja da baya, ya dubi saman ƙofa kamar wanda ya ɓace ɗaki.

Litinin, 19 ga Agusta

An cire masa robar. Yana shaƙar iskar Allah irin ta kowa. Har an wanke injin an kai shi gadon wata jaririya daga Sabon Birni. Da za mu fita na tsaya gabansa, ban san me ake ce wa inji ba, na yi wa wanda ya ƙera shi addu'a.

Laraba, 21 ga Agusta, Turba

Gida cike da 'yan barka, har da gwaggwannin Malam. Yaron yana kwance kan tabarma kusa da Inna sai ya yi ɗan tari. Ban san lokacin da na ratsa tsakar gidan ba, na sure shi, na kara kunnena a ƙirjinsa. Zulaihatu ƙanwar Malam ta ce, "Su wance an baro kunya Sakkwato." Na ce Sista ce ta ce in riƙa dubawa. Haƙarƙari dai ta ce in riƙa kallo, wannan ko daga nesa ana iya yi. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsinkar ramarta.

Numfashinsa lafiya lau, tun karawar farko na ji. Ban dai mayar da shi tabarmar ba sai da aka kira la'asar.