Mil Arba'in da Biyar Ko Hamsin da Shida

Greenbelt, Maryland
3 ga Yuni, 2012

Zuwa ga Baffa Sirajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da ɗaliban zaure. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Baba na ta fama da aikin asibiti, Umma kuma ta ce in faɗa maka kukar da ka aiko ta iso.

Baffa, na gama jami'a a watan jiya, har na samu aikin gwajin ruwan sha a tsibirin St. Thomas, inda Yaya Dabo yake likitanci. A gidansa zan zauna, shi zai zo ya tafi da ni, wannan Baba ya yarda. Abin da ya tsaya shi ne, ranar Talata da Alhamis sai na hau ƙaramin jirgin sama zuwa tsibirin St. Croix in ɗebo ruwan da za a gwada, in dawo kafin magariba. Baba ya ce 'yarsa ba za ta yi tafiyar da ta kai ta ƙasaru ba muharrami ba, wato mil arba'in da takwas, amma duk abin da kai yayansa ka yanke, shi ke nan. Masu aikin kuwa sun ba ni zuwa sha biyar ga wata, in ban amsa ba su ba wani.

Na auna tazarar sau uku. Daga filin jirgi zuwa filin jirgi mil arba'in da biyar ne, wato kilomita saba'in da uku, tafiyar kamar minti ashirin da biyar. Da na faɗa wa Baba sai ya yi dariya, ya ce ai zuwansa Landover da ke nan kusa da mu in hanya ta cushe ya fi haka daɗewa. Umma har ta fara zancen akwati.

Amma akwai lissafin da ban nuna masa ba, kuma shi ne yake damuna. Daga gidan Yaya zuwa filin jirgi mil huɗu ne. Daga inda zan sauka zuwa wurin aikin mil bakwai. In an haɗa, hamsin da shida ke nan. Ban san daga ina ake fara ƙirga ba, ƙofar gida ko bayan gari, ban kuma san ko mil ɗin littattafanku daidai yake da na Amurka ba. Yaya Dabo ya ce in rubuta maka arba'in da biyar kawai, tunda ba ƙarya ba ce, in daina tonon rijiya. Na ɗauki biro har sau biyu, na kasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ni da zan riƙa sa hannu cewa ruwan mutane ya shawu, bai kamata in fara da ɓoye mil goma sha ɗaya ba.

Ina son aikin nan ƙwarai, Baffa. Don Allah ka kira Baba kafin sha biyar ga wata. Ni ma yau bayan la'asar zan ajiye masa takardar lissafin gaba ɗaya, don kada ya fara ji daga bakinka.

A gaishe da Inna Talatu, da Hasiya, da Fatihu da amaryarsa.

'Yarka mai jiran amsa,
Aliyya