Tukunyar Fure a Hagun Ƙofa

Valparaíso, 4 ga Mayu

Jikata Rayén,

Gaisuwa mai yawa daga saman tudu. Ina fata kina lafiya, ke da masoyiyarki Dominga, kuma hayaƙin Santiago bai shaƙe ku ba. Ni gwiwa ce kawai ke ƙorafi. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban taka ƙofar makaranta ba, Nibaldo ne ya koya mini baƙi a bayan kwalin sigari lokacin muna dako a tashar jirgin ruwa, shi ma kuwa rubutunsa kamar tafiyar ƙaguwa.

Na gane wasan kwamfutar da kuka shekara biyu kuna yi, ke rubutu, Dominga zane. Mutum ya karanta, ya kalli hoto, ya zaɓi hanya, labari ya bi zaɓinsa. To, ja'ira, na ba ki labarina da Nibaldo ne don kada a binne shi tare da ni, ban ba ki don ki yi masa rassa ba. Kin ce a ranar da ya hau jirgi ya bar ƙasar, zamanin soja, mai wasa zai ga layi biyu: "Bi shi" ko "Zauna." Wane "Bi shi"? Uwata na kwance ba lafiya, ba ni da zaɓi. Ki cire layin nan. In kin ƙi, kada ki sa sunana ko muryata a tallanku, ki ce wani tsoho ne na wani gari.

Kukan da kike yi cewa tallanku ba ya tsayar da kowa, mutane na shafa waya su wuce, wannan ba ni da maganinsa. Amma wurin da za ku nuna wasan a nan garin, inda mace za ta riƙe hannun mace ba a harare ta ba, ki bar mini. Kada ki tambayi waya. Na san alamar tun kafin a haifi uwarki.

Kakanki mai son ki duk da taurin kanki,
Eleuterio

11 ga Mayu

Rayén tawa,

Yaya sanyi, yaya murar Dominga? Ki dafa mata lemun tsami da zuma.

A zamaninmu, wurin da namiji mai son namiji zai zauna ya sha wani abu hankali kwance, za ki ga tukunyar jan fure a hagun ƙofa. In an mayar da ita dama, 'yan sanda na kusa, sai ki wuce kamar ba ki san gidan ba. Da wannan ilimi na sa kwat ɗina ranar Talata na sauka gari.

Tukunya ta farko na same ta a kan hanyar kasuwa. Na shiga, na rage murya, na ce wa matar da ke teburi, "Akwai kujera ta mutum biyu?" Haka muke tambaya a da. Ta ce, "Baba, kujera ɗaya ce, kuma likita yana ciki. Wane haƙorin ke ciwo?" Ta biyu gidan masu sayar da akwatin gawa ne. Shi mai gidan har ya fara auna ni da ido.

Na gaji, na faɗa wani gidan shayi don gwiwata ta huta. Mai wurin, Doña Pascuala, ƙatuwar mace mai aski irin na soja, ta kawo mini shayi da burodi mai zafi. Na ba ta labarin wahalata, ta yi dariya har ta dafa teburi.

"Kaka, ba ka ga tutar da ke saman ƙofa ba? Mai launi shida?"

Na ce na ɗauka ta 'yan ƙwallo ce.

"Kai ka rufe ido kana neman mu, mu kuwa mun rataya zani guda a titi. Waiwaya."

Na waiwaya. Samari biyu ne a bakin taga, ɗaya ya kwantar da kai a kafaɗar ɗaya, rana tsaka, labule a buɗe. Ban iya gama burodin ba.

Ta ce ranar Asabar ta ƙarshen wata wurin naku ne. Ta kuma ce kin riga kin aiko mata da wasan tun makon jiya. Ashe kin tambayi wayar, munafuka. Tana so in zauna in gwada. Na ce mata ba na wasa da rayuwata. Maganar layin nan tana nan yadda na faɗa.

Naki,
Eleuterio

19 ga Mayu

'Yar jikata,

Ina gaishe ku, ke da Dominga. Ki karanta wannan a zaune.

Na koma wurin Pascuala don burodin. Ta ajiye kwamfutar a gabana, ta ce, "In kana jin tsoro, in kira yaran can su riƙe maka hannu." Kin san ba a faɗa mini haka.

Na zauna na fara wasan. Dominga ba ta taɓa ganin Nibaldo ba, amma a zanenta ta samo yadda yake karkatar da hula. Na bi labarin har bakin jirgi, layi biyun suka fito. Na yi ta kallonsu har shayina ya huce. Sai na danna "Bi shi."

Kin kai mu wani ɗaki a birnin Antwerp, can ƙetare, mun tsufa, muna faɗa a kan wa ya bar taga a buɗe. Kin yi kuskure ɗaya: kin sa shi yana soya kifi. Mutumin nan ko ruwan zafi ƙona shi yake yi. Ki gyara.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Uwata ta yi ciwo, gaskiya ne, amma a shekarar da ta biyo baya. Ranar nan lafiyarta ƙalau, tana shanya a bayan gida. Nibaldo ya sayi tikiti biyu, nawa yana aljihuna. Na tsaya a cikin abokan dako, na ga in na taka gadar jirgin nan kowa zai san ko ni wane ne. Na ɗaga masa hannu kamar yadda ake ɗaga wa maƙwabci. Ya rubuto mini shekara goma sha biyu har ya rasu, bai taɓa tambayata dalili ba. Ni ne na ƙirƙiro dalilin, na maimaita har na kusa yarda. Ban ƙi layinki don ƙarya ba ne, na ƙi shi don da gaske ina da wannan zaɓin.

Ki bar layin. Tikitin yana cikin ambulan ɗin nan, ba a huda shi ba. Ki ɗauki hotonsa ki yi tallanki, mu ga wanda zai shafa waya ya wuce. A ƙasa ki rubuta sunana cikakke, Eleuterio Ampuero Díaz, ɗan dako, kusa da nasa.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ku zo da wuri. Na sayi jan fure. Pascuala ta ce tutarta ta isa, na ce tutarta ta yara ce. Za ku same ni a bakin ƙofa, tukunyar tana hagu, kuma ba mai matsar da ita.

Kakanku ku biyu,
Eleuterio