Hausar Baba Ta Tafi

Laraba da dare, unguwar Sintali

Na kasa barci, sai karatu nake ta yi a waya kan ƙwaƙwalwa. Wai hankali da sanin kai duk daga wasu ƙananan ƙwayoyi suke fitowa, masu aika wa juna saƙo. In jini ya daina kaiwa wani sashe, abin da ke ajiye a can yana iya tafiya. Haka Hausar Baba ta tafi ke nan. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Fulatanci kawai ke fita bakinsa, yaren da ya taso da shi a rugarsu ta Lau. Mu kuwa 'yan gari ba mu taɓa damuwa mu koya ba. Gaisuwa kawai na iya.

Yau da la'asar ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna ya yi doguwar magana, sannan ya zuba mini ido. Na zaci wasa yake, na yi dariya. Sai ya saki hannun, ya juya fuskarsa bango.

Goggo ƙanwarsa ta ce, "Haba Hadiza! Yafiyarki yake nema, kike masa dariya?"

Wata biyu ina gaya wa masu dubiya hankalinsa ya gushe. Ashe yana nan daram, yana sane da komai. Tasa ƙwaƙwalwar ciwo ne ya taɓa ta. Tawa mai lafiya fa, me ya hana ta fahimtarsa?

Da asuba Goggo za ta koya mini yadda ake cewa "na yafe". Allah ya sa ya jira ni.